Ilmin Zaman Lafiya a Fadamar Haɗejiya: A Fara da Yaron da ke Bakin Gona

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya ya san akwai wasu watanni da hankalin mutanen fadama ba ya kwanciya. Daga lokacin da hatsi ya nuna har zuwa sa'ad da za a gama yankan shinkafa, a kwashe dawa da wake, watau wajen watan Oktoba zuwa Disamba, a nan ne garkunan shanu sukan gangaro suna neman ruwa da ɗanyar ciyawa, alhali kuwa manomi bai gama kai amfaninsa gida ba. Da wuya shekara ta wuce ba a ji labarin rikici daga wajen Guri ko Kirikasamma ko wani ƙauyen bakin kogi ba: an yi ɓarna, an yi harbi da kibiya, an ƙone ruga, an kai 'yan sanda. In ƙura ta lafa sai a kira taron sulhu, manya su yi jawabi, a yi addu'a, a watse. Abin da nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a kansa shi ne wani mutum wanda ba a gayyatarsa wurin wannan taro, ga shi kuwa shi ne yake tsaye a daidai wurin da abin ya faro. Wannan mutum shi ne yaro.

In an lura da kyau, ba Arɗo ne yake bin shanu cikin daji ba, ba kuma mai garken ba ne a mafi yawan lokuta. Yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu, da sandarsa da goran ruwansa, wani lokaci shi da ƙanensa kaɗai a bayan dabbobin da ko babban mutum sai ya yi da gaske yake iya tare su. Haka nan a ɗaya ɓangaren, wanda aka aika tun da asuba ya kori jan-baki daga shinkafa, ko ya tsare injin ban ruwa, ɗan manomi ne wanda bai wuce waɗannan shekaru ba. Saboda haka ranar da saniya ta tsallaka kunya ta sa baki a gona, waɗanda suka fara fuskantar juna yara ne guda biyu. Kowannensu a tsorace yake. Wannan ya san in ya koma ruga da saniya mai rauni zai sha duka, wancan ya san in aka ga ɓarna a gonar da aka ba shi tsaro shi ma jikinsa zai gaya masa. Wannan bai ƙware a Hausa ba, wancan bai san ko gaisuwa da Fulatanci ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ɗayansu ya gaya masa abin da ya kamata ya yi a irin wannan hali. Abin da ke hannunsu kawai sanda ce da lauje. Sai ɗaya ya ruga gida yana kuka, ya ba da labari yadda zai kuɓutar da kansa, manya kuwa su ɗauki makamai a kan maganar da ba su bincika ba.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a san yadda aka yi fadamar ta ƙuntata har yara suka shiga wannan hali. Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Calawa suka haɗu. Da ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu rassa-rassa ya malale cikin ƙasa mai shimfiɗa, kafin ya haɗu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. A da, ambaliyar shekara-shekara ita ce take raba wa kowa lokacinsa. Mai shinkafa ya yi nomansa da damina, masunta su bi ruwa, in ya janye kuma makiyayi ya shigo da rani ya sami ciyawa. Manomi ma har roƙon Bafillatani yakan yi ya sauka a gonarsa bayan girbi don ya sami taki, a yi musayar nono da hatsi. Ƙasa ɗaya ce, amma kowa da watanninsa.

Wannan tsari ya fara warwarewa ne tun daga farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1984. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, ga kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya da ke wajen Auyo, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ambaliyar da aka saba ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani, abin da ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa da cinye gonaki da wuraren kiwo. Daɗin daɗawa, a shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa suka bazu, aka kuma hana shigo da alkama daga waje a 1987, sai bakin kogin da dabbobi suka saba sha ya cika da alkama da tattasai da albasa. Jama'a ta ƙaru, an nome burtali da yawa. Manomin da ambaliya irin ta 2020 ko ta 2022 ta cinye wa gonar damina ba shi da abin dogaro sai noman rani, kuma ba zai yi haƙurin da kakansa ya yi ba. Makiyayin da ya tarar an shuka hanyar da ubansa ya bi shi ma haka. A taƙaice, ƙasar da a da ake karɓa-karɓa a kanta yanzu kowa yana bukatarta a lokaci guda.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Tun zamanin mulkin Alhaji Sule Lamido aka kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya a Jihar Jigawa, aka kuma yi ƙoƙarin shata wuraren kiwo da samar da mashaya. A 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar, shekara 18 bayan dokar tarayya ta 2003. Sarakuna da hakimai da malamai suna yin gargaɗi duk lokacin kaka. Ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma sukan shirya tarurrukan da suke kira na wayar da kai. A kan waɗannan tarurruka ne nake da magana.

Yadda aka saba yi shi ne a kama ɗakin taro a babban gari, a gayyato shugabannin ƙungiyar manoma da na Miyetti Allah da wakilan hakimai, a kawo masani ya yi bayani rabinsa da Turanci, a raba takardu da kuɗin mota, a ɗauki hoto. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, domin ko ba komai manya sun ga fuskar juna. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce: cikin abin da aka faɗa a ɗakin, nawa ne yake isa kunnen yaron da ke bayan shanu a dajin Baturiya? Wanda ya halarci taron ba ya kiwo, wanda yake kiwo bai san an yi taron ba. An yi ta shafa magani a inda ba nan ciwon yake ba. Bugu da ƙari, abin da ake koyarwa yakan tsaya ne a kan kalmomi masu daɗi, cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, cewa dukanmu 'yan'uwan juna ne. Wa ya musa? Yaron da saniyarsa take tsakiyar shinkafar wani, ga mai gona ya taso da gudu, karin magana ba za ta fisshe shi ba. Abin da yake bukata shi ne ya san matakin da zai ɗauka na farko da na biyu.

A ganina, ilmin zaman lafiya a wannan yanki ya kamata ya zama kamar koyon sana'a, watau abu ne da ake nunawa a aikace, a maimaita har ya zauna. A koya wa ɗan makiyayi cewa in dabba ta shiga gona ya fitar da ita, kada ya zare sanda, kada kuma ya gudu ya ɓoye abin, ya faɗi sunan rugarsu da na Arɗonsu. A koya wa ɗan manomi cewa kada ya sari dabba, kada ya taɓa yaron, ya kira babba mafi kusa ya ga ɓarnar da idonsa tun sawu bai ɓace ba. A sanar da su duka biyu wanda ake kai wa ƙara a wannan yanki, mai unguwa ne ko bulama ko dagaci, da yadda ake kimanta ɓarna a biya. Sa'an nan, kuma wannan shi ne mafi wuya, a sami alkawarin iyaye a gaban jama'a cewa yaron da ya zo ya faɗi gaskiya ba za a doke shi ba. Muddin yaro ya fi tsoron bulalar gida a kan faɗan daji, to, zai zaɓi faɗan daji, ko kuwa ya dawo da ƙarya.

Wannan ya kawo mu ga wani abin da ba mu cika son a taɓo ba. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta yi bincike a faɗin Nijeriya kan cin zarafin yara. Sakamakon ya nuna cewa yara 6 cikin 10 sukan gamu da wani nau'i na cin zarafi kafin su kai shekara 18, rabin yara kuma sukan sha duka ko makamancinsa, waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Binciken ya kuma nuna cewa masu yin abin galibi ba baƙi ba ne, iyaye ne da dangi da malamai. Wannan lissafi na ƙasa baki ɗaya ne, amma ba na jin akwai wanda zai rantse cewa ƙasarmu ta fita daban. To, yaya malamin da ke riƙe da dorina zai koya wa yaro cewa ba a warware saɓani da duka? Yaro ya fi ɗaukar abin da ya gani a kan abin da ya ji. Na san za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni ma ban ce a bar yara ba kwaɓa ba. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Duk shirin da zai shiga makaranta da sunan zaman lafiya, tilas ne ya fara zama da malamai da iyaye a kan wannan batu, cikin ladabi, ba tare da an zo musu da fuskar wanda ya fi su wayewa ba.

Abin farin ciki shi ne ba sai mun yi aron komai daga nesa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara ta ambaci tarbiyyar yaro a kan zaman lafiya da haƙuri da juna, amma mutumin Guri ba ya bukatar a kafa masa hujja da ita. A cikin Suratul Anbiya akwai labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, da hukuncin da suka yi game da tumakin da suka shiga gonar mutane da dare. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin taguwar Bara'u ɗan Azib wadda ta yi ɓarna a gonar wani, inda aka ɗora wa masu gona tsaron gonarsu da rana, aka kuma ɗora wa masu dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ita ma ta kawo wannan hukunci, malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin sharuɗɗansa, musamman in akwai makiyayi tare da dabbobin ya yi sakaci. Abin lura a nan shi ne shari'a ta ɗauki ɓarnar dabba a matsayin abin da ake aunawa a biya. Ba ta mai da ita dalilin zubar da jini ko ƙona bukkar wanda bai ji ba bai gani ba. Manomi da makiyayi duk sun yarda da waɗannan littattafai. Me zai hana malamin makarantar allo da na Islamiyya su ware wa wannan babi lokaci kafin kaka, da misalan gonar shinkafa da burtalin garinsu?

Haka nan al'adunmu cike suke da kayan aiki. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, cikin halayen da ya lissafa akwai haƙuri da kunya da hankali. Waɗannan uku kuwa su ne ginshiƙan abin da Fulani suke kira pulaku: munyal, da semtende, da hakkilo. Ashe abin da uwar ɗan manomi take so ɗanta ya zama shi ne abin da uwar ɗan makiyayi take so, harshe ne kawai ya bambanta. Ga kuma wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, wanda yake da muhimmanci ƙwarai a ƙasar da Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya. Mu ɗaliban Hausa mun sha rubuta jarrabawa a kan taubasantaka, muna cewa tana rage gaba tsakanin al'ummu, amma ba mu cika tambayar ko yaran yanzu sun san ta ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa duk abin da ke cikin adabin baka alheri ne. Akwai labaran ban dariya da yawa da suke nuna Bafillatani a matsayin wanda bai san komai ba in ya shigo gari, kamar yadda kalmar Kaɗo a bakin wasu Fulani takan ɗauki ma'anar raini. Gizo kansa, wanda muke alfahari da shi, da wayo da cuta yake cin nasara a tatsuniyoyi da dama. Yaron da ya tashi yana jin cewa mutanen ruga wawaye ne ko mugaye, ko kuwa cewa mutanen gari ba su da amana, an riga an gama masa hukunci kafin ya isa bakin gona. Aikin mai nazarin adabi ne ya tace, ya san wanne zai ɗauka wanne zai ajiye.

Game da wurin da za a yi wannan koyarwa, ina ganin kuskure ne a dogara ga firamare kaɗai, domin yaran da muke magana a kansu da yawa ba sa zuwa, musamman a watannin da ake bukatarsu a gona da kiwo. An kafa Hukumar Ilmin 'Ya'yan Makiyaya ta Ƙasa tun 1989, kuma akwai makarantunta a Jigawa, amma rabuwar makarantun ita kanta tana da illa: ɗan ruga yana can, ɗan gari yana nan, ba su haɗuwa sai ranar ɓarna. Ko da sau ɗaya a wata ne, a haɗa su wasa ko karatu, su san sunan juna. Yana da wuya ka ɗaga lauje a kan wanda ka san sunansa. Ranar kasuwa ma dama ce, haka mashaya, haka dandali da dare, haka rediyo wadda makiyayi ba ya rabuwa da ita. Kada kuma a manta da 'yan mata masu tallar nono. Su ne suke shiga gidajen gari kullum, su suka san matan manoma, kuma su ne sukan fara shan wahala in rikici ya tashi, a tare su a hanya ko a hana sayen nononsu. Uwayensu da matan gari suna da zumuncin da mazan ba su da shi, amma ban cika jin an kira su taron sulhu ba.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tun da koyarwa ba ta buɗe burtalin da aka nome, ba ta cire kacala, ba ta hukunta wanda ya yi kisa. Maganarsu tana da ƙarfi, kuma wajibi ne a saurare ta. In aka koya wa yaro ya kai ƙara, ya kai, aka karɓi cin hanci aka danne gaskiya, to, an koya masa darasin da ya fi na farko zama a zuciya. Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ikon hakimai da dagatai ya ragu, ga kuma matsalar baƙin makiyaya masu wucewa, waɗanda ba su san Arɗon wurin ba, su yi ɓarna da dare su ƙara gaba, a huce a kan Fulanin da suka shekara arba'in a gefen gari. Waɗannan duka aikin hukuma ne, kuma mai koyar da zaman lafiya da ya yi shiru a kansu ya zama mai lallashin wanda aka zalunta kawai. Amma gyaran kogi da shata burtali aiki ne na shekaru, yaron kuwa bana zai fita kiwo. Ba shi yiwuwa a ce masa ya jira.

A nan ne nake ganin sashenmu yana da abin yi, fiye da yadda muke zato. Masarautar Haɗejiya tana da ƙananan hukumomi 8, watau Auyo, Birniwa, Guri, Haɗejiya, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori, kuma tun 2013 akwai jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido. Kowace shekara ɗalibai suna neman batun kundin digiri, da yawa kuma sukan koma kan abin da aka riga aka tatse. Ga fili nan ba a taɓa ba sosai: kalmomin da manoma da makiyaya suke amfani da su wajen kimanta ɓarna, yadda dattawan bakin kogi suke gudanar da sulhu da irin maganganun da suke sanyaya zuciya da su, labaran da ake ba yara game da juna a gari da ruga. Dattawan da suka ga zamanin da ake roƙon Bafillatani ya sauka a gona suna ƙarewa, kamar yadda harshen Auyokawa ya ƙare a wannan ƙasa tamu ba a tattara abin kirki daga gare shi ba. Daga irin wannan bincike za a iya fitar da ɗan littafi mai shafi ashirin ko talatin, da Hausa da Fulatanci, cikin boko da ajami, da gajerun wasannin kwaikwayo da yara za su iya yi a dandali ko a karanta a rediyo. Zai bukaci haɗa kai da masu nazarin Fulatanci, domin yawancinmu ba mu iya ba. Kafin a kai shi maɗaba'a kuwa, a fara karanta shi a gaban Arɗo da bulama da malamin tsangaya da 'yan matan da ke kai nono kasuwa, duk abin da suka ce ba haka ake yi ba a cire shi.